Ƙarfen da Hajiya take kamawa

"Ya ammi, wannan ƙarfen fa sai an cire shi," in ji ma'aikacin wurin fahas, inda ake duba lafiyar mota, yana kirana baffa da Larabci.

Shekara talatin motar nan tana hannuna. Na kai ta ne a yi mata istimara, wato takardar rajista, ta motar tarihi, domin baladiyya, hukumar gari, ta manna mata takardar gargaɗi a ƙofar gidana a unguwar Harra ta Gabas. In ba takardu, za a ja ta a kai bola.

Na ce, "Ɗana, ni na sa aka yi waldarsa a bakin ƙofar motar. Shi marigayiya matata take kamawa ta shiga in zan kai ta Harami, bayan gwiwoyinta sun gaza. Dubi inda tafinta ya cinye fentin."

Ya duba, ya ce, "Allah yarhamha. Wallahi doka ce. Motar tarihi sai yadda ta fito daga kamfani. Ba fahas, ba inshora, ba istimara."

Saura kwana shida wa'adin baladiyya ya cika. Na aro zarto wajen maƙwabci, sau biyu ina ɗora shi a kan ƙarfen, ina saukewa.

Jama'a, in ku ne, wanne za ku iya rasawa, ƙarfen ko motar?