Ɗurin Kawu Harisu

Kawuna Harisu maharbi ne, ko in ce maharbi ne a da, don rabonsa da shigowa gida da abin da ya fi zomo girma tun ina goyon fari. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙauyenmu yana kusa da Babban Mutum, inda in akuyarka ta ɓata sai ka tsince ta tana kiwo a Nijar. Da aka yi mini aure ban yi nisa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijina da na Kawu, ita ma rabinta ya zube, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Gajeren mutum ne, baƙi, marar yawan magana sai in an taɓo zancen daji. In ya fara, sai ka rantse wata ƙasa yake nufi ba tamu ba. Wai inda gonar liman take yanzu, nan barewa ke kwana garke-garke. Wai a fadamar da ake buga bulo, nan yake ɗaura kan burtu a goshi, ya yi ta rarrafe cikin sabara har dabba ta ɗauke shi tsuntsu ta ci gaba da kiwonta. Da gonaki suka cinye dajinmu, sai shi da abokansa suka riƙa hawa arewa, su wuce Magarya, su shiga rairayi suna wasan ɓuya da malaman dajin can. Bai taɓa zaginsu ba. Ya ce sun yi gaskiya da suka hana, don da idonsa ya ga waɗansu baƙi na bin barewa da mota har ta faɗi don gajiya, su jefa ta a baya su bi ta gaba. Shi ba ya harbin mai ciki, ba ya harbi da damina, amma duk da haka ya ce da hannunsa a cikin ƙarewar dajin, kuma ba ya ɓoye cewa abin na cin ransa.

Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Wani maƙeri da ya daɗe da rasuwa ne ya ƙera masa ita da bututun sitiyarin tsohuwar mota. A zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba guntayen ƙarfe, a sake tura tsumma, sannan a danne da wani siririn ƙarfe mai tsawon bindigar. Da wannan ƙarfen ake gane abin da ke ciki. In babu komai, sai ya nutse duka. In da ɗuri, sai kansa ya leƙo kamar faɗin yatsu uku. Irin wannan bindiga kuwa in an ɗura ta, ba ta da hanyar saukewa sai a harba. Shi ya sa Kawu bai taɓa shiga gari da ita a ɗure ba. In ya dawo bai harbi komai ba, yakan tsaya gindin kukar bayan gari ya saki ɗurin sama, mu kuma mu san yau miyar kuka ce ba nama.

Wannan al'ada ta mutu da zamanin ya lalace. Labarin ɓarayin shanu da masu ɗaukar mutane ya riƙa zuwa mana ta waya, daga nesa, sannan daga kusa-kusa. Wata rana wani ya harba bindiga yana korar tsuntsaye daga gero, gari ya watse, mata suka bar tukwane a kan wuta, wata tsohuwa ta karye a gudu. Tun daga ranar mai gari ya kafa doka: kada wanda ya ƙara harba bindiga a kusa da gari, sai in abin da ake tsoro ne ya zo.

A daidai lokacin ne kan Kawu ya fara kwancewa. Ba hauka ba, Allah ya kiyaye. Yana gaisawa da mutane lafiya lau, yana bin jam'i, yana ba da labarin farautar da aka yi kafin a haife ni ba tare da ya tsallake ko itace ɗaya ba. Abin da ya yi da safe ne ba ya kai masa azahar. Ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Matarsa, Inna Shatu, ta rufe abin ruf, har 'ya'yanta mata da ke aure a wasu garuruwa ba ta faɗa musu ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, gari ba kowa, ta leƙo ta katanga ta yafito ni.

"Zinariya, zo ki gane mini wani abu."

Ta ja ni bakin ɗakinsa. Yana zaune a kan buzu, rediyo na ba da labarin wani hari, shi kuma ya kafa gindin bindiga a ƙasa yana zuba mata albarushi. Hannunsa ba ya ko rawa. Ya tura tsumma, ya zuba ƙarfe, ya ɗauko ƙarfen dannawa ya zura. Ƙarfen ya tsaya, ya leƙo fiye da taƙi guda. Kawu ya dube shi, ya juya shi, ya yi tsaki.

"Yaran nan sun canza mini ƙarfe," in ji shi. Ya ajiye bindigar a gefensa ya kwanta.

Inna Shatu ba ta taɓa ɗora hannu a kan bindigar nan ba tun da aka kawo ta gidan, don maharba sun ce in mace ta taɓa, sa'a ta gudu. Amma ta yi shekaru tana kallon ana ɗura ta, idonta ya san inda ƙarfen ya kamata ya tsaya.

"Duk ranar da ya ji labarin ɓarayi sai ya ɗura," ta ce da ni a madafa, murya ƙasa-ƙasa. "Ya manta ya ɗura jiya. Ɗuri kan ɗuri ne a cikinta. Duk wanda ya ja kunamar nan, ba gaba za ta fita ba, a fuskarsa za ta tarwatse."

Na ce a zuba mata ruwa mana. Ta ce ta yaya, mutumin da in zai kewaya sai ya kulle ɗaki ya rataya makulli a wuya, in zai kwanta ya sa ta a gefensa? Na ce a ɓoye albarushin. Ta ce a ƙarƙashin matashinsa yake. Na ce to a faɗa wa mai gari. Nan ta dube ni kamar na zage ta.

"In ce masa me? In ce Malam ya daina sanin abin da hannunsa ke yi? Abin da ya rage masa ke nan a garin nan, a ce ga Harisu maharbi."

Sai muka faɗa wa Ya'u, autansu, shi kaɗai ne namiji a gidan. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya'u bai gaji ubansa ba ko kaɗan. Ɗan acaba ne, yana jigilar kaya da mutane tsakanin kasuwannin iyaka, kuma in an yanka kaza a gabansa kau da kai yake yi. Nakan ce masa ɗan maharbin da ɓera ke kora daga ɗaki. Ranar ban tsokane shi ba. Ya saurare mu, ya ce zai lallaɓa Baba ya karɓo ta, ya kai ta can cikin daji ya ɗaure a itace, ya ja kunamar da doguwar igiya daga nesa.

Ya gwada. Ya ce zai kai ta a goge mata tsatsa, Kawu ya ce shi ya san mai goge ta. Ya ce aro yake so, Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce ka fara koyon riƙe gwafa. Daga nan Ya'u ya shiga cewa bari a gama girbi, bari a wuce kasuwar nan. Ni kuwa haushi ya ishe ni. Duk sanda na ji rediyon Kawu ta katanga sai in kwashe 'ya'yana in kai su ɗakin da ya fi nisa. Na gaya wa Ya'u a fuskarsa cewa sanyin jikinsa zai kashe wani. Ya ce in bar shi, ubansa ne ba nawa ba. Na yi kwanaki ban amsa gaisuwarsa ba.

Ranar da abin ya zo, da safe ya zo. An wayi gari an kore shanun wani makiyayi da ke zaune a gefen garinmu shekara da shekaru, an sari ƙanensa a kafaɗa. Sawun ya yi gabas, kuma ɗanye ne. Mai gari ya aika wa hukuma, amma ya ce kafin su iso shanun sun tsallaka, saboda haka duk namiji mai lafiya ya fito ƙofar gidansa. Mu mata muka tsaya daga bakin zaure muna kallo. Abin da aka fito da shi abin tausayi ne: adduna, gora, kwari da baka guda biyu da suka sha hayaƙi a rataye. Masu bindigar garin sun mutu ko sun sayar.

Sai ga Kawu. Ya sa tsohuwar rigarsa ta layu, ya saɓa bindiga, yana tafe a miƙe kamar an cire masa shekara talatin. Wallahi taron har wani numfashi ya saki. Wani ya ɗaga murya ya yi masa kirari. Na waiwaya na ga Inna Shatu ta dafe bango.

Ya'u ya ratsa mutane ya durƙusa a gabansa.

"Baba, da raina ba za ka hau babur ka shiga dajin nan ba. Ba ni ita in je a madadinka."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ina ganin tun da ya haifi yaron nan yake jiran ranar da zai roƙi bindigar nan a gaban mutane. Idonsa ya kawo ruwa. Ya sauke ta daga kafaɗa ya miƙa masa da hannu biyu.

Mai gari ya ce, "Malam Harisu, a ɗure take?"

"Ranka ya daɗe, ɗuri ɗaya, mai kyau."

Na buɗe baki zan yi magana, Inna Shatu ta damƙe mini hannu har sai da farcenta ya shige ni. Daga baya na gane abin da ta hango. Da wani ya ƙaryata Kawu a wurin nan, da fizge bindigar zai yi ya saita sama ya harba don ya nuna mana, a tsakiyar taro. Ya'u ma ya san haka. Ya sunkuyar da kai.

Ya zo ɗaukar babur ɗinsa a ƙofar gida, na tare shi.

"Don girman Allah, Ya'u, in kun fita gari ka jefa ta a rami. Ko ka faɗa musu gaskiya a hanya."

"In na faɗa musu, rabinsu za su juyo, shanun mutumin nan sun tafi ke nan. Ki dube su mana. Ita suke bi, ba ni ba."

"To in kun riske su fa? In aka ce ka harba?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi, abin bai fito ba.

"Ke da kika ce ɓera na korata, yau kuma ke ce mai tsoro?"

Saboda shi ya fi kowa sanin hanyoyin iyaka, kuma bindigar a bayansa take, shi aka sa a gaba. Sauran suka bi shi bibbiyu, uku-uku a kan babura, masu adda da masu gora, kowa idonsa a kan wannan baƙin bututun. Muka tsaya har ƙarar ta ɓace.

Gari ya yi tsit. Ba wadda ta ɗora tukunya. Kawu ya jawo buzunsa ya shimfiɗa a inuwar ƙofar gida, ya fuskanci gabas, yana ta fara'a. Ni da Inna Shatu muka zauna a dokin ƙofa, tana jan carbi. Rana ta take. Can wani ya sare itace a bayan gari, duk muka zabura.

Kawu ya juyo ya ga fuskarta, ya yi mata magana a hankali, irin yadda ban taɓa jin ya yi mata a gaban mutane ba.

"Haba Shatu, kwantar da hankalinki. Kina tsammani zan tura ɗana da bindiga ba komai a ciki? Da na ji an yi shela da safen nan, da hannuna na ɗura masa ita. Har albarushin na ƙara, tunda ba barewa za a harba ba."

Carbin ya tsaya a hannunta. Shi kuma ya mayar da fuskarsa gabas, ya kara tafin hannu a kunne, ya ce mu yi shiru kada mu hana shi ji.