Ranar da Aka Tuƙa Malami Direba

Mutanen Kaoje da suka yi wa yayana Malami sallah sun san shi ne a manomin shinkafa mai yawan tari. Kaɗan ne suka san ya yi shekara goma sha huɗu yana tuƙin mota, ko kaza bai taɓa takewa ba. Ni Rabi'atu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ni na san yadda aka raba shi da sitiyari, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

A soja ya koyi tuƙi. Da ya dawo gida Illo yana da lasin na wannan ƙasa, amma bai tsaya nan ba, sai da ya ƙetara zuwa Kandi, a ƙasar Dahome, ya ci jarrabawar Faransawa, bayan sun kayar da shi sau biyu, suka ba shi nasu lasin da suke kira farmi. Duk Illo shi kaɗai ke da biyun. Matarsa Asama'u takan ce da gobara za ta tashi, takardun nan zai fara fitarwa kafin 'ya'ya. Shi kuwa ko musu ba ya yi.

Abin alfaharin ba na banza ba ne. A lokacin motocinmu hannun hagu suke bi, na Dahome, wadda yau ake kira Benin, hannun dama. Daji ɗaya ne, jar ƙasa ɗaya, babu allon da zai tuna maka ka sauya. Sai dai direba ya riƙe abin a kansa.

Maigidansa wani Bature ne mai saya wa kamfaninsu fatu da ƙiraga. Tafasa muke ce masa, don ko ruwan wanke fuska sai an tafasa masa. Ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Sauro tsoro, nono tsoro, jandarman Dahome kuwa, wato 'yan sandansu, ba a magana. Ya tambayi Malami ya fi a ƙirga ko lasin ɗinsa na Ingila yana aiki a can, har ya aike shi ya tambayo. Amsar ɗaya ce: ba ya aiki. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce mutumin bai sani ba.

Mako guda bayan an ba mu mulkin kai, za su tafi Malanbil, can cikin Dahome, ɗauko fatu. Ina tasha ina sayar da ƙosai Tafasa ya fito yana washe baki, ya karɓe makullin motarsu Landiroba a gaban jama'a.

"Malami, yanzu ƙasa naku ne," ya ce da gurguwar Hausarsa. "Yau kai maigida, ni direba. Shiga baya."

Tasha ta kaure da shewa. Yayana ya gyara hula, ya hakimce a baya yana ɗaga wa mutane hannu. Ni ma har guɗa na yi, Allah ya yafe mini.

Abin da ya biyo baya, a bakin Malami na ji shi. Da suka wuce Lolo suka isa iyaka, ya ce wa Baturen ya dawo masa da makulli. Ya ƙi, wai wasa bai ƙare ba. Malami ya ce to, hannun dama. Bature ya koma dama. Amma sabo turken wawa. Ba su yi nisa ba, a wata kwana, hannun Bature ya mayar da mota hagu inda ya saba. Wani Bafulatani mai suna Gidaɗo yana tafe kan kekensa, a gefen da dokar ƙasarsa ta ce ya bi. Mota ta kwashe shi. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, ya suma nan take.

Malami yana ɗaure wa mutumin ƙafa da rawaninsa, Bature yana tsaye a gefe. Bai tambaya ko yana da rai ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Farmi naka yana aiki nan. Nawa babu. Ka ce kai ne. Ni zan gyara komai."

Mulkin kan yayana ke nan, ko azahar bai kai ba.

Da jandarma suka zo, Malami ya ce shi ne. Aka ƙwace farmi, aka ɗaure shi wata huɗu a Kandi. Ya dawo da ƙwarƙwata da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Ranar da ya dawo ban yi masa sannu ba, faɗa na yi masa.

"Yaya, mi yas sa kac ce kai na? Uwarka ɗaya da shi?"

"Rabi, baƙo na hwa," ya ce. "Shekara shidda ina cin abincinai. In bar shi hannun jandarma shina kuka awa ƙanƙanen yaro?"

Shi kuwa mai gyara komai tuni ya hau jirgin ruwa ya koma ƙasarsu. Abin da ya bari a hannun akawun kamfani takarda ce guda, irin wadda Turawa ke rubuta wa ma'aikaci don ya nemi aiki da ita. Malami ya karɓa da hannu biyu. Ai lasin ɗinsa na nan gida yana nan, ga kuma shaidar Bature, wa zai hana shi mota?

Wuri uku ya kai ta: wani ofishi a Birnin Kebbi, wani asibiti, da wani attajiri mai manyan motoci. Ko'ina a karanta, a dube shi, a ce za a neme shi. Gida kuwa Asama'u ta fara sayar da kwanonin ɗakinta. Raina ya ba ni akwai wani abu. Na ja shi gaban Malam Attahiru, malamin elemantare na garinmu, na ce ya juya mana takardar da Hausa, kada ya tsallake ko ɗigo.

Malam ya karanta a zuci, ya ce ko mu dawo wata rana.

"Malam, karanta muna," na ce. "Mun ga abin da yaf fi wanga."

Ya karanta. Malami mutum ne mai amana da ladabi, ba ya sha, ba ya makara. Direba ne mai kyau. Sai dai mai ɗaukarsa ya sani, ya taɓa kaɗe mutum a Dahome saboda ya manta hannun da ake bi.

Ba wanda ya tilasta wa Baturen nan, ba jandarma a kansa, ya zauna kan kujera ya zuba tawada a alƙalami ya rubuta wannan, ya sa hannu.

Na ɗauka Malami zai fizge takardar ya yaga ta. Na ma miƙa hannu in taya shi.

"Malam," ya ce, "koma hwarkon. Mi yac ce?"

"Ya ce kai mai amana na."

Yayana ya karɓi takardar, ya shafe ta a gwiwarsa don kada ta yamutse, ya naɗe, ya sa a aljihun gaba.

"Kin jiya ko, Rabi?" ya ce. "Ya san da hakanan."