Turakun Attahiru Mai Rijiya

Da hantsi aka yi ruwan farko na shekarar, shekara huɗu bayan samun mulkin kai. Kafin azahar rana ta fito, ƙasar Barmu tana ta turiri. A ranar ne aka kira Attahiru ya shiga rijiyar arewacin gari, mai gaba ashirin da biyar, wadda yashi ya cika gindinta.

Attahiru mahaƙin rijiya ne, ya gada wurin kawunsa. Ba a san shi da yawan magana ba, amma an san shi da abu guda: ba ya ba wa turke ɗaya ransa. Biyu yake kafawa na aduwa, ya karkatar da kawunansu nesa da rijiya, ya ɗaura igiya a duka biyun, sannan a sa bijimin sa ya ja igiyar don gwaji. In sun tsaya, ya shiga.

A shekarar an ɗauke shi cikin ma'aikatan rijiya na gwamnati. Shugabansu Alƙasum, wanda ake kira Mushe, wato maigida da Faransanci, ya zo daga Tawa da ƙarfe mai ƙafa uku na ɗaura igiya. Kwana ɗaya ke nan da kafa shi a bakin rijiyar da siminti.

"Baba, ga ƙarfe nan, ɗaura mu gama."

Attahiru ya danna babban yatsa a simintin, yatsa ya bar shaida.

"Mushe, wanga bai bushe ba. Ƙasa kuma ta sha ruwa."

"Daga Turai aka kawo shi! Kai da icen aduwa za ka koya min aiki?"

"Ni ka shiga ramin, ba Turai ba."

Mata masu jiran ruwa suka fashe da dariya. Fuskar Mushe ta canza. Ya ce in Attahiru bai ɗaura a ƙarfen ba, daga yau ba ya cikin aikin gwamnati. Attahiru ya ji sarai, yana kuma da iyali bakwai a gida. Ya ɗauki gatarinsa.

Ya kafa turke na farko taki biyar daga rijiya. Surukinsa Ɗangana ya kawo san da ke jan guga, aka ɗaura, aka kora. Turke ya tumɓuke ya yi sama da laka. Wannan karon shi aka yi wa dariya, Mushe har da tafi.

"To, malamin turke, ga naka!"

"Shi ya sa nika gwadawa," in ji Attahiru.

Ya ja da baya yana dukan ƙasa da ƙotar gatari yana saurare, har taki ashirin, inda tsakuwa take. Nan ya haƙa, ya kafa biyu, ya danna duwatsu a gindinsu. Igiya ba ta kai ba, aka aro wata aka ƙulla, ya bi ƙullin da hannu sau biyu. Sa ya ja har ya durƙusa. Turaku ba su motsa ba.

"Mushe, bari ƙarhen naka shi ma mu gwada shi."

"Kayan gwamnati ne, ba a wasa da su da shanu."

"To ni ma ba a wasa da ni."

Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga. Kafin magariba an fitar da yashi, ruwa ya taso. Da ya fito, Mushe ya cika alkawarinsa, ya kore shi. Attahiru ya naɗe igiyarsa ya tafi, bai roƙi kowa ba.

Simintin ya bushe daga baya, har yau da ƙarfen ake jan ruwa. In an tsokani Attahiru da wannan, sai ya ce shi bai taɓa zagin ƙarfen ba, ranar ce ba ta yi ba.

Har yanzu yana Barmu. Gwiwa ta hana shi shiga rijiya, amma daga nan har Takanamat, in za a sauke mutum cikin rami, shi ake kira ya duba turaku.