Ranar da Iya Ta Hana Guɗa

Ina aji huɗu a firamare, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, ɗan majalisarmu ya dawo ƙauyenmu kusa da Hunkuyi neman a sake zaɓensa. Mu 'yan makaranta aka jera mu da ƙananan tutoci. Ni ba mai magana ba ce, sai kallo. Na lura duk sanda ya rasa abin faɗa sai ya gyara hula.

Babana manomin rake ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun sake zaɓenka, me za ka yi mana?"

Ya gyara hula. "Abubuwa da yawa."

"Kamar me, ranka ya daɗe?"

"Za ku gani."

Wani daga baya ya ce, "Ai na farkon ma muna nan muna gani!" Aka fashe da dariya. Kafin la'asar 'yan doka sun tafi da Baba, alƙali ya ɗaure shi, wai ya ci mutuncin manya. Ga rake ya isa sara, ba mai sara.

Mata ba sa jefa ƙuri'a a lokacin. Amma ba a tarbar babban baƙo sai da guɗa, kuma kakata Iya, mahaifiyar Baba, ita ce maguɗiyar garin. In ba ta fara ba, ba macen da ke buɗe baki.

Da zaɓe ya matso, ɗan majalisar zai sake zuwa, sai yaron mai gari ya yi sallama a gidanmu.

"Iya, ki rangaɗa masa guɗa ɗaya tak, a sako miki ɗanki."

"Ɗan majalisar ya faɗi abin da zai yi mana?"

"Haba Iya, ina ruwanki da wannan?"

Ni aka aika da tuwo wajen Baba a gidan yari, na gaya masa abin da yaron mai gari ya ce. Ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce, "Ki ce mata in ta yi, kada ta ƙara kirana ɗanta." Duk hanya ina addu'ar ta ji maganarsa.

Ranar taro Iya ta ci ado ta tsaya a gaba. Motar ta tsaya, makaɗa suka sassauta, kowa ya juyo yana jiranta. Ta ɗaga hannu ta kama hanci kamar za ta fara, sai ta fyace majina ta goge da gefen zani. Matan bayanta suka sunkuyar da kai. Shirun ya yi tsawo har na ji kukan tunkiya daga bayan masallaci. Gumi ya gangaro wa ɗan majalisar ta bayan kunne ya jiƙa wuyan rigarsa, na bi shi da ido, zuciyata fari ƙal.

Ya ci zaɓensa. Baba ya cika wa'adinsa, ya fito ya tarar raken ya bushe a tsaye. Da aka ba shi labarin majinar, ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce in sake ba shi daga farko, kada in tsallake gumin.