Akuyar da Rilwanu Ya Yi wa Nasiha

Rilwanu mutum ne mai baki. A gidan Maitama inda yake kula da furanni, har faɗa yake yi wa shuke-shuke in sun ƙi tofo. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya iya yi wa magana: Abdulhakim, ɗansa na fari. Haka ya taso ya tarar a garinsu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi. Da zai zo Abuja ya naɗo kunyar nan tare da tabarmarsa ya sauke a Jiwa. Yaro har ya fara gashin baki, sunansa a gida "wancan".

Ranar da matarsa Bara'atu ta tsinci kwalbar kodin a cikin takalmin yaron, sai ta dire ta a gaban mijin.

"Sai ka yi masa magana, Malam."

"Ke ce uwarsa."

"Ni ma ai na farina ne."

Ya kai kuka wajen Nicholas, maigadin gidan oga. Nicholas ya ce, "Oga Rilwan, yaronka ne fa, ba surukinka ba. Zaunar da shi kawai." Rilwanu ya gwada a zuci, ya ga ba zai iya ba.

Ran Asabar da hantsi, Abdulhakim na wanki a tsakar gida, Rilwanu ya jawo akuyar Bara'atu ya ɗaure a ƙafar kujera, ya gyara murya.

"Ke, na ga abin da kika ɓoye a takalmi. Tari kike yi? Ban ji kina tari ba."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Hannun yaro ya tsaya cikin kumfa.

Tun daga nan duk Asabar akwai zama. Ya gaya wa akuya yadda abin ke cinye hanji, ya ba ta labarin wani ɗan acaba a Garki da ya yi barci a kan babur ya farka babu haƙora. Magana ta fita unguwa. Maƙwabciyarsu Clara ta hana bunsurunta hulɗa da akuyar. Yara in sun gan ta kwance a inuwa sai su ce ta yi caji.

Wata Asabar ya ajiye faɗa gefe. Ya ce, "Ni dai tsoro nake ji, kar wata rana a kira ni a ce ga ki can a kwalbati."

Sai Abdulhakim ya yi magana, idonsa a kan bokiti.

"Baba, ta ce ta gwada bari, jikinta ne ke ciwo in ba ta sha ba."

Rilwanu ya ce, "Tambaye ta, tana son a taimake ta?"

"Ta ce tana so. Kunya take ji."

"Gaya mata gado ta yi."

Litinin suka kama hanyar asibiti su uku har da akuyar, don Rilwanu ya ce ba ya zuwa ko'ina babu tafinta. A bakin ƙofa mai gadi ya tare su.

"Baba, na dabbobi yana can gaba."

"Tare muke."

"Ba ta shiga."

Aka ɗaure ta a jikin dogonyaro. Rilwanu ya dubi akuya, ya dubi ƙofa. Yaro na tsaye yana rawar jiki, ƙafarsa ɗaya ta riga ta juya wajen titi.

Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Abdulhakim," ya ce, kamar mai ɗanɗana miyar baƙon gari, "zo mu shiga."

Yaro ya waiwaya ya ga ko da wani mai sunan a bayansa. Sannan ya bi ubansa.