Tiyon Birkin Da Na Naɗe Da Roba

Ni bakanike ne a Sabon Gari kafin a kai ni gidan yari, kuma a layinmu ba wanda ya fi ni sanin birki. In ya yi ƙara kamar ana wasa wuƙa, na san takalmin da ke matse ƙafar motar ne ya cinye. In mota ta ja gefe guda, ɓangare ɗaya ne kawai ke kamawa. In kuwa ka taka birki, ƙafarka ta nutse har ƙasa, to man birki na zuba, ko iska ta shiga tiyo. Man nan shi ke kai ƙarfin takunka zuwa tayoyi. In ya tsiyaye, sai dai Allah ya kiyaye.

Da ƙaramin abu na fara. In cire tsohon takalmi, in goge, in mayar, in ce sabo ne. Ba mai leƙawa. Daga nan na koma ɓoye sababbin kayan da masu mota suka sayo da hannunsu, ina sayarwa.

Wata Laraba Malama Rahila ta zo. Malamar firamare ce a Samaru, ta daɗe tana kawo mini motarta. Ta ce, "Malam, birkin nan sai na taka sau biyu yake kamawa." Na shiga ƙarƙashi, na ga tiyon baya ya tsage, mai na ɗiga. Na sa ta sayo sabo. Da ta shiga kasuwa cefane, na naɗe tsohon da roba, na cika mai, na jefa sabon a akwatina.

Ta dawo ta ce, "Ka tabbata ya gyaru? Jibi zan kai Baba asibiti."

Na ce, "Ko Legas ma ki je."

Ranar da ta ɗauko shi, a hanyar asibitin Shika, wata tirela ta rage gudu a gabanta. Ta taka birki, ƙafarta ta nutse, motar ta daki bayan tirelar. Mahaifinta ya rasu nan take, ita kuma aka yanke mata ƙafar dama.

Ƙaninta ya sa aka duba motar, aka ga robar. 'Yan sanda suka sami sabon tiyon a akwatina, ko ledarsa ban cire ba. A kotu ba ta zage ni ba. Dubana kawai ta yi daga kan keken guragu. Shekara shida na yi a ɗaure.

Da na fito na tuba ga Allah, na je gidansu neman gafara. Ba ta bari na shiga ba. Ta aiko ƙanin nata ya ce mini, "Ta ce ka tafi, ba za ta iya yafewa ba tukuna." Ban ga laifinta ba.

Ku matasa masu koyon sana'a, ku ji ni. Duk wanda ya miƙa muku makullin motarsa, ransa da na iyalinsa ya miƙa muku. In ba za ku gyara ba, ku ce ba za ku iya ba. Ni na san tiyon nan zai fashe. Na sani sarai, na kuma tsaya ina ɗaga mata hannu har ta hau titi.