Ɗakin da Goggo Rabi Ta Gyara a Aziziyya

Bana shekara tara da rasuwar Goggo Rabi, ƙanwar mahaifina. Har yanzu idan la'asar ta yi a unguwarmu ta Jarwal a Makka, inuwar dogayen otal-otal ta rufe layinmu, nakan ji kamar za ta ɓullo daga kwana da kaskon turare a hannu, tana yi mini tsiyar na yi ƙiba. A Makka ta girma, Larabci ya zauna mata a baki, amma faɗa kam da Hausa take yin sa.

Abu guda ta ƙwallafa rai a kai, ta ga yayarta Mairo, wadda aka bari a Kano wajen kakarsu tun suna yara. Shekarar da Goggo Mairo ta sami kujerar Hajji, Goggo Rabi ta kasa zama wuri ɗaya.

A gidanmu ba a barin baƙo ya kwana a ɗakin da hannunmu bai taɓa ba. Ta bi ta gano masaukin su Goggo Mairo a unguwar Aziziyya, irin benayen nan da ake rufewa daga Hajji sai Hajji, ta lallaɓa mai gadi ya buɗe mata. Ta saki ruwan zafi a banɗaki, ta ja ƙofa don tururi ya jiƙa dattin bango, ta yi ta goge-goge a ciki.

Bayan 'yan kwanaki tari da zazzaɓi suka kama ta. Na ce mu je asibiti.

"Ke dai 'yar nan, wa ba ya tari lokacin Hajji?" in ji ta. "In suka kwantar da ni, wa zai yi wa Yaya maraba?"

Muka ƙyale ta, don duk garin haka muke ɗaukar tarin wannan lokaci. Sai da numfashi ya fara gagararta aka kai ta. Likita ya ce ruwan da ya daɗe kwance a tanki da bututu cikin zafi yana tara wata ƙwayar cuta, kuma ba ta hanyar sha take kama mutum ba, a feshin ruwan ake shaƙarta ta sauka a huhu. Ga tsufa, ga ciwon suga.

Yanzu ni nake gyara wa baƙinmu ɗaki. Nakan buɗe taga, in saki ruwa ya yi ta zuba, ni kuma in fita waje. Wanda ya yi tari da zazzaɓi ba na barinsa ya ce na Hajji ne. Wani lokaci ina tsaye a barandar, ina jin ƙarar ruwan daga nesa, sai in hango Goggo Rabi tana dariya tana cewa ashe yanzu famfo ma tsoronsa ake ji. Ina kewarta ƙwarai, har da tsiyar.

A waccan shekarar, Goggo Mairo ta sauka Makka da safe, ƙanwarta ta cika kafin motarsu ta iso wajenmu. Ita ta yi mata wanka, ina zuba mata ruwa. Da ta yaye mayafin, ta daɗe tana kallon fuskar, sannan ta shafa mata kai a hankali.

"Rabi," ta ce, "ashe ke ma kin yi furfura."